Bangon Malam Kwaji

Tun daga bakin mayo, rafin da ake wanki, Liyatu ta jiyo waƙar matan zumunta, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Kirsimeti ta matso, kuma haka matan cocinsu ke yi a Wuro Patuji kowace shekara: su bi gidajen 'yan'uwa da bokitin farar ƙasa, su shafe bango, su sha kunu, su yi gaba. Sai da ta shawo kwanar gidanta, wanki a ka, 'yarta Ƙauna a goye, ta gane daga inda waƙar ke fitowa. Daga cikin gidanta ne.

Ta faɗa gidan da gudu, amma ta makara. Dogon bangon tsakar gida, daga bakin ƙofa har rumbu, ya sha farar ƙasa sharkaf, har tana ɗiga.

"Maman Ƙauna, sannu da zuwa!" in ji Mama Dibora, shugabar zumunta, tsumma a hannu, fuska cike da fara'a. "Mun rufa miki asiri. Baƙi za su zo Kirsimeti, ba kyau su ga ciwon maigida a bango."

Allah ya raba mu da alherin da ba ya tambaya. Abin da suka rufe ɗin shi ne maganin ciwon.

Mijinta, Malam Kwaji, a Zariya ya koyi zane, ya koyar a makaranta kafin ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. A da, kallo ɗaya zai yi maka ya fitar da kai a takarda har da gibin haƙorinka. Da ya dawo sai ya daina zana mutum. Ya ce wa Liyatu duk fuskar da ya fara, ta wani ce ke fitowa, wanda ya bari kwance a gefen hanya. Barci ya guje shi. Ran da tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, ya sungumi Ƙauna ya kulle kansu a ɗaki da adda a hannu, wuni guda yarinya na tsala ihu.

Bayan wannan ne ya kama bangon. Kowace safiya, in Liyatu ta fara daka, sai ya dama jar ƙasa da ƙaro a 'yar ƙwarya, ya ɗauki tsinke mai taunannen baki, ya tsuguna. Gajeren layi, gajeren layi, ɗigo. Gajeren layi, gajeren layi, ɗigo. Babu mutum, babu dabba, jeri ne kawai bisa jeri, wani wuri a matse kamar saƙar tabarma, wani wuri a sake. "In hannu yana ta maimaita abu ɗaya, kai yakan yi shiru," ya taɓa ce mata. Kusan shekara ke nan yana yi, kuma tun da ya fara bai sake taɓa adda ba sai don gona.

"Ni na ce su shafe."

Ta juya. Sai yanzu ta lura da mutumin da ke zaune a inuwar darbejiya: kawunta Ezekiya, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Daga Michika ya iso bayan fitarta. Buhun dawar da yakan kawo mata duk ƙarshen shekara yana gabansa, bakin buhun a ɗaure, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai. Tun ranar adda ya yanke magana: in Kwaji ya sake yi ko sau ɗaya, shi Ezekiya zai kwashe ta da yarinya su koma Michika. Ezekiya kuwa ba ya magana biyu.

Ta durƙusa. "Kawu, sannu da hanya. Amma da kun jira ni."

"'Yata, in ya warke, bango ba zai dame shi ba. In bai warke ba, gara in gani da idona. Dawar nan ma ban kwance ba, sai na san inda za a ci ta."

"Ina maigidan yake?" in ji Mama Dibora, fara'ar ta fara ja da baya.

"Kasuwa," in ji Liyatu. "Ya je sayen ƙaro."

Liyatu ta ji kamar ta fasa kuka. Tana son mutumin nan, da ciwonsa da komai, kuma ta san Ƙauna ba ta yin barci sai a ƙirjinsa. Ta dubi bangon. Farar ƙasa in tana jiƙe ba ta ɓoye komai, don haka jerin layukan duk suna nan dishi-dishi a ƙarƙashi. Amma rana ta take. Can sama, inda ya fara bushewa, ya yi fari fat.

Ƙarar keke ta tsaya a ƙofa.

Kwaji ya shigo da sallama, ƙullin ƙaro a hannu. Ya ga surukinsa, ya fara rusunawa, sai idonsa ya sauka a kan bangon. Ƙullin ya suɓuce, ƙaro ya watse a ƙasa.

Ya tako a hankali ya tsaya gaban bangon. Yana kallo aikinsa na ɓacewa, jeri bayan jeri, daga sama zuwa ƙasa. Ya ɗora tafinsa a kai kamar zai tare. Numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, irin na ranar adda, kafaɗunsa na hawa da sauka. Matan suka fara ja da baya suna neman ƙofa.

"Baban Ƙauna," in ji Liyatu a hankali.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya juya ya nufi gindin rumbu. Can yake ajiye ƙwaryar jar ƙasa, can kuma addar take. Ezekiya ya sauke ƙafarsa daga kan buhu ya miƙe tsaye. Kwaji ya sunkuya ya zura hannu, ya daɗe a haka.

Ƙwaryar ya fito da ita, da ragowar damun safe.

Ya tsuguna a bakin ƙofa, inda ya fara tun farko, ya tsoma tsinke. Amma hannun ya ƙi. Layin farko ya karkace, na biyu ya fantsama ja a kan farin. Ya saki wani irin nishi, ya damƙe tsinken har ya lanƙwashe, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Idonsa ya koma gindin rumbu.

Liyatu ba ta tsaya tunani ba. Ta jawo turmi, ta ɗaga taɓarya, ta sauke. Ba komai a turmin, itace ne kawai ke dukan itace. Ta ci gaba yadda hannunta ya saba kowace safiya, bugu biyu a jere, sannan ɗaya mai nauyi, Ƙauna na jijjiga a bayanta. Ba ta kalle shi ba, don da safe ma ba ta kallonsa.

Kafaɗun Kwaji suka sauka kaɗan. Ya gyara tsinken, ya tsoma. Gajeren layi, gajeren layi, ɗigo. Na farkon ya ɗan yi rawa. Na bayansa ya miƙe. Numfashinsa ya bi taɓaryar, ya zauna. Mama Dibora ta durƙusa tana tsince ƙaron da ya zube, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ezekiya ya daɗe a tsaye yana kallon jerin ja yana tafiya a kan farin bango. Sannan ya sunkuya ya kwance bakin buhun, ya cika tafukansa biyu, ya tako har gaban turmi.

"Ɗaga, 'yata," ya ce. "Za ki fasa turmin banza."

Ta ɗaga taɓaryar, ya zuba dawar, ta sauke ba tare da bugun ya yanke ba.