Ranar da Gwamnati Ta Zo Gidanmu

A ɗakinmu, can bayan kasuwar 'yan ƙarfe ta Lahor, akwai wata kanta da nake jera abubuwan da na tsinta a duniya. Akwai dutse mai kama da kunnen mutum. Akwai makulli mai haƙora gefe biyu, wanda har yau ban sami kwaɗonsa ba. Akwai ƙwan tattabara da ya fito siriri kamar yatsa. Sai wata kwalba da na toshe da totuwa na liƙe da kakin zuma. Wanda ya ɗaga ta zai ce ba komai a ciki, alhali iskar Mansehra ce, garin su matata Naziran a kan duwatsu. Na cika ta ranar da na je ɗauko amarya.

"Mutane suna dawowa daga biki da tukwane," in ji Naziran, "nawa mijin iska ya ɗebo."

Ta fi shekara arba'in tana faɗin haka. A 'yan shekarun nan takan faɗa ne tana hutawa a tsakiya, don numfashin ba ya kai ta ƙarshen magana.

Da an girbe shinkafa aka sa wa karan wuta, sai hayaƙin gonaki ya haɗu da na wuraren gasa bulo da na motoci, ya sauko ya kwanta a kan gari. Rana ta fito kamar tsohon faranti na tagulla, ka kalle ta ido da ido ba ta ce maka komai. Tattabaruna farare su koma kalar toka. Wasu in na sake su ba sa gane rufin gida. Ita kuwa Naziran sai ta kwana a zaune, an jera mata matasai a baya, ƙirjinta yana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce in ta sake yin lokacin hayaƙi ɗaya ko biyu a garin nan, kada mu zo muna tambayarsa.

Ƙaninta Sarwar ya sha bugo waya daga Mansehra, yana cewa ɗakin mahaifiyarsu yana nan a share. Ni dai na san in ta tafi ba zan bi ta ba. Namiji da furfurarsa ya tare a gidan surukai, ana zuba masa abinci daga tukunyar ƙanin matarsa? Ko na jure, Sarwar ba zai jure abin da za a faɗa a masallacinsu ba. Naziran ma ta sani. Shi ya sa ta riƙe shari'ar da hannu biyu.

Farhat ce ta kawo mana maganar shari'a. Lauya ce, 'yar unguwarmu, a gabanmu ta koyi tafiya. Ni aji huɗu na tsaya, amma ta yi bayani yadda na gane. Ta ce akwai iyakar dattin da doka ta yarda ya kasance cikin iska, kuma duk shekara biyar wajibi ne wata hukuma ta zauna ta sake duba iyakar, ta matse ta. Hukumar ta yi shekara da shekaru ba ta zauna ba. Tsohuwar iyakar kuwa ta yi faɗin da kowane mai hayaƙi yana cikinta a miƙe.

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na kwana ina tunani, ashe datti ma akwai na halal.

Ana neman wanda za a sa sunansa a kan ƙarar, wanda ciwonsa yake a bayyane. Naziran ta miƙa babban yatsanta. Ta ce wa Sarwar, "Ba inda za ni sai alƙali ya yi magana. In aka gyara iskar, me zai kai ni zaman gidanka?"

Alƙali bai yi magana ba. Yau a ce ya tafi hutu, gobe a ce lauyan gwamnati bai shirya ba, jibi a ce an canja wa alƙalin wurin aiki sai sabo ya karanta daga farko. Na je kotun sau da yawa. Abin da na fi tunawa shi ne wata fanka a rufin ɗakin, mai fiffike biyu maimakon uku, tana juyawa kamar gurguwa.

Wata ranar Talata da hantsi Farhat ta shigo, ta zauna a bakin gadon igiya, ta ƙi shan shayi. Ammaji take kiran Naziran, wato Mama.

"Ammaji, sun nemi a yi sulhu."

"Wa ya nema?"

"Su hukumar. Za su rubuta a gaban alƙali cewa za su fara dubawar baɗi, su gama cikin shekara uku. Mu kuma mu janye ƙara."

"Shekara uku su gyara iskar?"

"A'a. Shekara uku su gama duba iyakar. Gyara sai bayan nan."

Naziran ta yi dariya, dariyar ta zama tari, na miƙa mata ruwa.

"In na ƙi fa?"

"In kin ƙi, mu ci gaba. Ko mun ci su ɗaukaka ƙara. Wallahi Ammaji, yana iya kai shekara goma, kuma ba rana ko ɗaya a rubuce. Wannan aƙalla akwai rana."

"Sun ce sun yi laifi?"

Farhat ta sunkuyar da kai. "Akwai layin da ya ce babu wanda ya amsa laifi."

"To wane irin sulhu ne wannan, 'yar nan? A gidanku haka ake yi?"

Kowa ya san yadda ake yi. Wanda ya ɓata ya tako da ƙafarsa zuwa gidan wanda aka ɓata wa, ya cire rawaninsa ya ajiye a gabansa. Mai gida ya ɗauka ya mayar masa a ka. Sannan a raba laddu ɗaya, dunƙulen alawar nan tamu, gida biyu, kowa ya ci rabi a gaban mutane. In ba a ci ba, ba a shirya ba, ko da an rungumi juna. Haka aka yi da kakana a kan rikicin ruwan gona, haka aka yi da Barkat mai aski da surukinsa.

"Zan dangwala," in ji Naziran, "amma sai mutuminsu ya zo nan. Ya zauna a tsakar gidan nan, ya shaƙi abin da nake shaƙa, mu ci laddu."

"Ammaji, gwamnati ba ta zuwa gidan mutane."

"Da lokacin zaɓe wa yake buga mana ƙofa, aljanu?"

Ban san yadda Farhat ta yi ba, amma ta dawo ta ce za a turo wani. Daga ranar na rasa zama. A raina na riga na gama ganin komai: babban mutum mai tumbi zai shigo, hayaƙi ya shige masa ido, ya dubi Naziran, kunya ta kama shi. Wanda ya ci laddu a gidanka ai ba zai bar ka shekara uku ba. Zai koma ofis ya ce a gama kafin girbi.

Barkat mai aski, maƙwabcina, shi ya karɓi shirin, don a unguwarmu ba a biki ko sulhu ba da shi ba. Ya aro kujeru, ya sa aka wanke tsakar gida. Da ya ga na fito da rawanin aurena ina kakkaɓewa, sai ya riƙe ƙugu.

"Meraj Din, kishiyar hankali, wannan kuma na mene ne?"

"Ma'aikatan yanzu ba sa naɗi. In ya zo da kai a buɗe, me zai ajiye?"

"Wato kai za ka ara masa rawanin da zai ba ka haƙuri da shi?"

"In baƙo bai zo da tabarma ba, ba sai ka shimfiɗa masa taka ba?"

"Allah ya ba Bhabi Naziran ladan zama da kai. Ni da tuni na sayar da kai na sayi akuya."

Ranar ta zo da hayaƙi mai nauyi, irin wanda ake jin ɗacinsa a harshe. Naziran ta sa mayafinta kore, ta zauna a gadon igiya, ta hana a kawo mata abin shaƙarta kusa don kada a ce neman tausayi take. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Bayan azahar farar mota ta tsaya a bakin lungu, direba bai kashe ta ba.

Wanda ya fito ba mai tumbi ba ne. Saurayi ne siriri, da farin takunkumi mai ɗan murfi a gefe ya rufe masa hanci da baki. Ya yi sallama da ladabi, ya ce sunansa Tanwir, ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran allura.

"Ɗana, kai ne wanda bai zauna ba?" in ji Naziran.

"Na'am, Ammaji?"

"Wanda doka ta ce ya zauna ya duba iskar."

"A'a, Ammaji. Ni watan jiya aka dawo da ni sashen. Da ina wajen kula da magudanan ruwa."

"To ina shi mai laifin?"

"Kujerar shugaban ba kowa a kanta yanzu. Wanda ya riƙe ta a da ya yi ritaya. Na gabansa kuma ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Barkat. "Me ya kashe shi?"

"Ciwon ƙirji, na ji an ce."

Wani ya yi dariya a bakin ƙofa, sannan ya haɗiye ta.

Na matso da rawanin a kan tire. Tanwir ya dube shi, ya dubi Farhat. Farhat ta girgiza mini kai a hankali. Ya ce, "Babaji, ka yi haƙuri. An ce mini in gaishe ku in karɓi takarda. In na yi wani abu da ya yi kama da amsa laifi, aikina ne zai tafi." Na tsaya da tire a hannu. Ban san inda zan ajiye shi ba, sai na ɗora a kan kejin tattabaru.

Naziran ta ɗauki laddu ɗaya, ta raba da yatsunta, ta miƙa masa rabi.

"Wannan dai ba amsa laifi ba ne. Ci."

Ya karɓa da hannu biyu. Na zuba wa takunkumin ido. Ya kai yatsa ga igiyar da ke bayan kunnensa, ya taɓa ta, ya dubi sama inda rana ya kamata ta kasance. Sai ya sauke hannun.

"Ammaji, ni ma ina da asma tun ina yaro. Zan ci a mota."

Ya ciro farar takarda mai laushi daga aljihu, ya naɗe rabin laddun.

Naziran ta daɗe tana kallonsa, ba da fushi ba, irin kallon da take yi wa tattabarar da ta faɗo daga rufi. Sannan ta kai nata rabin baki, ta tauna a hankali har ta cinye. Ta miƙa wa Farhat babban yatsanta.

"Kawo tawadar. Kada yaron mutane ya kwanta a gidana."

Da motar ta tafi, mutane suka watse ba tare da an raba sauran laddun ba. Barkat yana tattara kujeru ya tarar da ƙunshin a kan hannun kujerar da Tanwir ya zauna. Mantawa ya yi ko ajiyewa, Allah ne ya sani. Barkat ya miƙo mini, ya ci gaba da tattara kujerunsa.

Naziran ta kira ni daga ɗaki.

"Baban Kausar, bugo wa Sarwar."

"Ai Farhat ta ce akwai rana a rubuce."

"Akwai. Ka ga alamar zan kai ta?"

Na ce ko mu gwada toshe tagogi da jiƙaƙƙen bargo, wani ya ce yana taimakawa. Ta ce mun gwada bara. Na ce ko in sayar da tattabarun, ko ƙurarsu tana ƙara mata ciwon. Ta ce tattabaru me suka yi mata.

Sarwar ya zo da kansa a ƙarshen mako. Ya gaishe ni da girmamawa, ya ce, "Bhai, gida gidanka ne, ka riƙa zuwa da Salla." Na ce in sha Allahu. Mu duka mun san ma'anar da Salla.

Tana gama ɗaure kaya ta tsaya gaban kantar nan tawa, ta ɗauki kwalbar. Ta kankare kakin da farce, ta zare totuwar, ta kai hanci ta ja iya ƙarfinta.

"Yaya?" na tambaya.

"Warin tsohuwar totuwa." Ta cusa kwalbar cikin kayanta. "Zan cika maka sabuwa in aiko."

Har yanzu ba ta aiko ba. Ta ce ba a samun mai zuwa wanda za a ba kwalba ba komai a ciki bai yi dariya ba. A gurbin kwalbar na ajiye rabin laddun da takardarsa. Ya bushe ya yi tauri, kuma wani abin mamaki, ko tururuwa ba ta kusance shi ba.

Takan bugo waya ranar Juma'a. Jiya ta ba ni labarin akuyar Sarwar da ta shiga gonar liman, tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsaya ta huta ko sau ɗaya ba. Muryarta ta fita tas, kamar ta shekarun da 'yarmu Kausar take goye. Na ce alhamdulillahi, kuma da gaske nake. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba.

Da muka gama na hau rufi da kwanon gero. An fara ƙona karan bana. Na yi ta kiran tattabarun, ina jin fiffikensu a sama kusa da kaina, amma ban ga ko ɗaya ba.