'Ya'yan Kumatu

Ranar Litinin 'ya'yan Kumatu bakwai ne. Auta ta ƙirga su sau biyu kafin ta fita aiki: jajaye, ba gashi, ido a rufe, ko wannensu bai kai ɗan yatsanta ba. Ranar Talata da safe ta sake ƙirgawa, ta samu shida.

Kumatu hamsta ce, irin 'yan dabbobin nan masu kama da ɓera, gajeren bindi, masu cusa abinci a baki har fuska ta kumbura. Kwana goma ke nan da Auta ta sayo ta a shagon mai tsuntsaye, cikin wani keji da bai fi kwalin takalmi ba. Babu wanda ya san da ciki ta zo.

"Mutane na neman maganin ɓera, ke kin je kin sayo ɓeran," in ji Yaya, yayar Auta, ranar da aka kawo ta. Da Kumatu ta haihu kuma Yaya ta ƙara da cewa, "Yanzu ga shi ta ba ki gyara."

Goggo, yayar mahaifinsu, ita ta riƙe su tun suna ƙanana, kuma gidan nata ne. Da farko ko kallon kejin ba ta yi. Amma tun da aka haihu, sai ta ɗauke shi daga ɗakin Auta ta ɗora a teburin falo, gefen talabijin, inda duk wanda ya shigo zai gani. Maƙwabta suka yi ta sintiri. Goggo takan buɗe ƙofar, ta zura hannunta mai ƙamshin man zafi, ta ɗauko ɗaya a tafin hannu tana juya shi.

"Ku dubi ikon Allah. Har da 'yan farata!"

Auta takan tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallo. Shekararta ashirin da biyu, ba ta taɓa ce wa Goggo a'a ba. Ko mai shago ya ba ta abin da ba shi ta tambaya ba, karɓa take ta yi godiya.

Da aka ga shida, Goggo ta ce magen maƙwabta ce. Aka rufe tagogi, aka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma. Ranar Laraba Auta ta riga kowa tashi, ta durƙusa gaban teburin. Kumatu na zagaye cikin kejin kamar wadda aka biyo, ta haura ƙarfe, ta faɗo kan 'ya'yan, ta kama sandar ƙofa tana gwaguya. Biyar. A lungu, ƙarƙashin ƙyallen da Auta ta shimfiɗa mata, akwai wani ɗan abu ja da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙafa ce. Ƙofar kejin a kulle take, kuma babu magen da hannunta zai shiga tsakanin ƙarafan nan.

Ko karin kumallo ba ta yi ba ta fita.

A shagon ɗinkin da take aiki, sau biyu ta ɗinka hannun riga a baibai. Uwar ɗakinta ta dube ta ta saman tabarau.

"Yau lafiyarki kuwa? Tashi ki sha iska, kafin ki ɗinke mini yatsanki a jikin rigar mutane."

Auta ta tafi kai tsaye shagon mai tsuntsaye. Tsoho ne mai rangwamen ji, yana zuba wa aku ruwa. Sai da ta maimaita maganar sau uku, kowane karo tana ɗan ƙara murya, kafin ya ajiye butar.

"Har yanzu a ɗan kejin nan take?"

"Eh, Baba."

"Kai! Ai wannan na ɗauko ta ne zuwa gida, ba na zama ba. Ban faɗa miki ba?"

Bai faɗa ba.

"Ina kuka ajiye shi?"

"A falo. Kusa da talabijin."

"Ana taɓa 'ya'yan?"

Ta sunkuyar da kai. Tsohon ya goge hannu a jikin rigarsa, ya zauna a kan wani buhun hatsi.

"'Yata, ba mugunta ba ce, tsoro ne. Wuri ya yi mata kaɗan, ba ramin ɓuya, ga hayaniya, ga warin hannun mutum a jikin 'ya'yanta. In ta ga ba za ta iya tsare su ba, sai ta cinye su. A haka ranar Lahadi ba za ki samu ko ɗaya ba."

Ya lissafa mata abin yi da yatsunsa. Ta nemi babbar roba mai zurfi, wadda tsawonta ya kai hannu biyu a buɗe in da hali. Ta zuba dusar katako da yagaggiyar farar takarda har ya wuce tsawon tafin hannu, don ta samu na haƙa. Ban da ƙyalle, zare na naɗe ƙafar jarirai. A rufe sama da ragar waya don iska. A kai ɗakin da ba kowa.

"Kada ki ɗauke su da hannu, kada ki taɓa sheƙar. Kejin gaba ɗaya za ki saka cikin robar, ki buɗe ƙofa, ki tafi abinki. Ita za ta kwashe su da kanta. Ruwa da abinci kawai, har da ɗan dafaffen ƙwai. Sati biyu ba leƙe, ba ƙirga." Ya dube ta da kyau. "Wanda ke taɓawar fa, za ki iya hana shi?"

Auta ta ce ta gode, ta fita.

Akwai wata babbar farar roba a bayan shagonsu da ake tara ragowar ƙyallaye. Auta ta tsaya a gabanta ta fi minti biyar kafin ta iya buɗe baki ta roƙa.

"Wannan? Ɗauki mana," in ji uwar ɗakinta. "Ni na zaci aure za ki ce mini za ki yi, irin wannan rawar jiki."

Kafintan da ke gefensu ya cika mata buhu da dusa, ya haɗa mata da guntun raga. Direban bas ya yi ta mita kan robar ta cinye wurin mutum biyu. Duk hanya Auta na gwada maganar a ranta. Goggo, don Allah. Goggo, mai shagon ya ce. Ko wacce ta gwada, sai ta ga ba za ta iya faɗa ba.

Tun daga bakin ƙofa ta ga takalma. Ƙafa uku, na manyan mata. Ƙawayen Goggo ne, talabijin na ta ihu, su ma suna ta nasu. An janyo teburin tsakiyar falo. Yaya na zuba musu shayi. Goggo ta riga ta ɗage maƙullin kejin.

"Yawwa, ga uwar ɓerayen nan ta dawo. Wannan ƙatuwar robar fa? Ajiye ki zo ki gaida mutane, bari in nuna musu."

Kumatu ta kwanta a kan 'ya'yanta, kunnuwa a lafe, tana wani ɗan ƙara da babu wanda ya ji sai Auta. Hannun Goggo ya doshi ƙofar.

Auta ba ta san lokacin da ta saki robar ba. Ta tsallake ƙafar wata baƙuwa, ta kife tafinta a bakin ƙofar kejin. Yatsun Goggo suka tsaya a bayan hannunta.

"Matsa mana."

Ba ta matsa ba. A daidai lokacin Kumatu ta kafa mata haƙora a ɗan yatsa ta ciki. Zafin ya tafi har gwiwar hannu. Ba ta janye ba.

"Goggo, kada ki taɓa."

Yaya ta tsaya da butar shayi a sama.

"Me kika ce?"

"Kada ki taɓa su." Auta ba ta ɗauke hannunta ba. "Ba mage ba ce. Uwar ce take cinye su. Saboda wurin ya yi mata kaɗan, da ƙara, da... da warin hannu."

"Hannun wa?"

Auta ta dubi ƙasa. Jini ya fara bin yatsanta yana ɗiga kan teburi.

"Naki, Goggo."

Ɗaya daga cikin baƙin ta ce, "Ikon Allah," ta gyara mayafi. Goggo ta janye hannunta a hankali, ta dube shi kamar ba nata ba.

"Hannun da ya wanke ki, ya goya ki, yau shi ke wari? A gaban mutane?"

"Goggo, ai man zafin take nufi," in ji Yaya da sauri. "Ni ma in kin shafa sai na yi hawaye."

Babu wanda ya yi dariya.

"Ɗauke mini shi daga falona," in ji Goggo.

Auta ta mayar da maƙulli, ta ɗauki kejin da hannu biyu, tana tafiya kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da mai. A ɗakin ajiya na bayan kicin, tsakanin tsohuwar firji da akwatuna, ita da Yaya suka zuba dusa, suka yayyaga takarda, suka kife ƙaramin kwali a lungu. Ta sauke kejin a tsakiya, ta buɗe ƙofa, ta ɗora raga, ta danne da tsohon dutsen guga.

"Ashe kina da baki," Yaya ta raɗa mata tana ɗaure mata yatsa. "Shekara ashirin kina tara shi, kika juye wa Goggo a rana ɗaya."

Washegari kejin ba kowa. A lungun robar, ƙarƙashin kwalin, dusa ta yi tudu. Ko biyar ta kwashe, ko uku, ko ba ko ɗaya, Auta ba ta da hanyar sani. Kullum safe da yamma takan sa ruwa da abinci, ta kasa kunne. Wata rana ta ji kamar 'yar tsuwwa daga ƙasa, wata rana shiru. Sau da yawa hannunta ya kai kan kwalin, ta dawo da shi ta cusa a hammata.

Goggo kuwa ba ta amsa gaisuwarta sai da "uhm". In tana son abu, Yaya take kira, ko da Auta ce a kusa. Amma a kwana na huɗu Auta ta lura talabijin ya rage murya. A na shida ta ji Goggo a bakin ƙofa tana sallamar wata maƙwabciya: "Ba a gani yanzu. An ce sai sun yi gashi."

A kwana na goma sha ɗaya da yamma, Auta ta shiga da ɗan ƙwai a murfin kwalba, ta tsaya cak. Wani abu mai launin toka na tangaɗi a kan dusa, ido bai gama buɗewa ba. Ga wani a bayansa. Ta durƙusa, ta riƙe numfashi. Uku. Huɗu, yana jan guntun takarda da ya fi shi girma.

Ta jira. Ta sake ƙirgawa. Huɗu. Ta ƙirga na uku, idonta ya fara cikowa.

"Biyar ne."

Goggo ce a tsaye a kanta, ta miƙa wuya tana leƙen robar, hannuwanta biyu a harɗe a baya.

"Ga ɗaya can bayan kwalbar ruwa. Ke da kike saka zare a allura, wannan ne ba ki gani ba?"