Wajen Wa Kuka Zo?

Mutanen Gaya ba sa barin abu ya wuce ta gabansu babu suna, shi ya sa suka laƙaba wa motar Yazidu Kunkuru. Fara ce, doguwa, tana ɗauke da ɗakinta a baya: ga gadaje, ga murhun gas, ga ɗan makewayi, har da labule a tagogi. Turawan Faransi ne suka gama cin moriyarta aka turo ta Kwatano, tana haye gada ta shigo Gaya aka rufe iyaka. Mai ita ya gaji da ajiya, ya sakar wa Yazidu ita a farashin tsohon ƙarfe. Shi kuwa direba ne da ya saba kwaso motocin Kwatano zuwa Yamai, rufe gada ya mai da shi ɗan zaman benci a bakin tasha. Sai ya tare a ƙarƙashin Kunkuru da sifana, yana kwancewa yana ɗaurawa, har ranar da ta yi tari ta tashi.

Latifa, babbar 'yarsa, ita ta janyo maganar tafiya. Ana gab da rufe lakwal, wato makaranta, ta dawo gida tana kumbure-kumbure, wai malaminsu ya tambayi kowa inda zai yi bakans, wato hutu, 'ya'yan ma'aikatan duwan, wato kwastan, suna ta kiran Yamai da Dosso, ita kuwa ta rasa ta cewa. Maganar ta soki Yazidu fiye da yadda ya nuna. Otal dai ya fi ƙarfinsa, wannan ko tantama babu. Zuwa wajen dangi kuwa, wanda bai sani ba shi ke cewa kyauta ne. Ka sauka gidan surukai hannu rabbana? Ina sukari, ina sabulu, ina turmin atamfar gwaggo da na ƙanwar gwaggo da na maƙwabciyar da ta goya matarka tana jaririya?

Amma yana da kati. Lokacin da hannunsa ke da maiƙo, wani Sha'ibu ya buɗe masaukin shaƙatawa a bakin gulbi, can bayan Tanda, ya bi 'yan kasuwar Gaya yana sayar musu da abin da ya kira abonma: ka biya sau ɗaya, duk ranar da ka ga dama ka zo da iyalinka ku yada zango, babu mai tambayarka komai. Yazidu ya saya don kada a ce ba ya cikin wayayyu, ya jefa a aljihun mota ya manta. Yanzu ga ɗaki mai taya, ga wurin sauka an riga an biya, abinci kuwa daga tukunyar gida. Ya ce a ransa abin nema ya samu.

Matsala ɗaya ce, kuma tun daga Gaya ya san da ita. Hanyar masaukin ta ratsa ƙauyen da matarsa Bibata ta tashi, ta bi daidai ƙofar Siddo, ƙanin mahaifiyarta, tsohon masunci da ya riƙe ta tun tana marainiya har ya aurar da ita. Da rumbunan ƙauyen suka fara bayyana ta bayan dogon gero, Bibata ta gyara lulluɓi, ta goge wa ƙaramarsu Samira hanci.

"Baban Latifa, rage gudu mana. Ga gidan Hasai can," ta ce. Hasai shi ne kawu a bakin mutanen gulbi.

"Sai mun dawo."

"Ko gaisuwa ce, daga tsaye."

"Na ce sai mun dawo. Saki labulen nan."

Ta dube shi ta madubi, ta saki labulen. Kunya ce ke cinsa, ba raini ba, amma wa zai tsaya ya bambance? Bai iya tunanin tsayuwa gaban tsohon nan da mota kamar gidan bene alhali babu ko ƙullin goro a hannunsa. Ya taka mai, Kunkuru ta wuce tana watsa wa kaji ruwan taɓo.

Araha ba ta ado. Masaukin Sha'ibu ya zama kango: bukkoki babu jinka, allon ƙofa ya kife cikin ciyawa, shi kansa Sha'ibun babu ko ƙurarsa. Yazidu ya yi ta maza, ya ce ai su da ɗakinsu suka zo. Ya karkata zuwa gindin wata giginya, tayoyin baya suka lume cikin laka har gindi. Ya ce ba komai, in rana ta buga ƙasa ta sha iska sai a tono.

Kuma gaskiya, na ɗan lokaci abin ya yi daɗi. Gulbi ya cika ya batse, iska na kaɗawa, Latifa ta karɓi salularsa, wayarsa ta hannu, tana ɗaukar hoton kwale-kwalen da ke ɗaure a gaɓa, Samira na bin fara. Ya shimfiɗa tabarma ya ɗora shayi. Har ya soma tsara yadda zai ba da labari a tasha.

Wasu mata masu wanki ne suka fara hango su. Maimakon su yi sannu, sai suka tattara kayansu jiƙe suka yi cikin gero da sauri. Bibata ta ga haka, ta kira yara ta shige da su mota ta ja ƙofa. Shayi bai kai ga tafasa ta biyu ba Yazidu ya ga geron yana motsi ta ko'ina.

Maza ne, sun fi a ƙirga da ido. Masu gora, masu adda, masu mashin kamun kifi, wasu da bindigar toka. Babu wanda ya yi sallama, shi ma da ya yi babu wanda ya amsa. Suka yi wa motar zobe. A gaba akwai wani dogon saurayi mai jajayen idanu, riƙe da jarkar mai irin ta masu sayarwa a bakin hanya. Daga baya sai ga maigari, dattijo mai ɗingishi, yana dogara sanda.

"Wajen wa kuka zo?" in ji maigari, da Hausarsa ta kasuwa.

"Ranka ya daɗe, daga Gaya muke. Hutu muka zo."

"Ban tambaye ka gari ba. Wajen wa?"

"Ba wajen kowa ba. Bakans ne, yara sun samu hutun lakwal, muka ce mu zo mu sha iska."

Aka fassara wa na baya, guna-guni ya tashi. Maigari ya ƙura masa ido.

"Rasuwa aka yi? Suna? Kifi za ka saya? Magani kake nema?"

"Ko ɗaya."

"To mutum ya bar gidansa da ƙafarsa, ya ƙona mai, ya zo daji ya zauna, ba shi da mai masauki, wai iska. A Gaya iskar ta ƙare ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Yazidu ya zaro katin ya miƙa, yana bayanin abonma da Sha'ibu. Maigari bai ko karɓa ba. Ya ce Sha'ibu ya gudu tun da hanya ta lalace, kuma ko yana nan, filin aro aka ba shi, takarda ba ta tsaya wa mutum a garin nan, mutum ke tsaya wa mutum.

Saurayin mai jarka, wanda aka kira da Yunus, ya matso har Yazidu na jin hucinsa.

"Haka waɗancan baƙin da suka zo kafinku suka ce, wai hutawa suke. Suka zauna gindin itace suna duba shanu, suna latsa salula. Sati bai zagayo ba 'yan bindiga suka zo. Wana na kwance a kabari yanzu." Ya nuna rufin motar da haɓa. "Wancan ƙarfen na sama, da wa kake magana da shi? Yarinyarka hoton mi take ɗauka? Mi ke bayan labule?"

"Eriyar talabijin ce, ba ta ma aiki. Iyalina ne a ciki, wallahi iyalina ne."

Yunus ya buɗe jarka. Ya tuttula mai a kan tayar gaba, ya bi gefen motar yana zubawa a nitse, kamar mai ban ruwan albasa. Warin ya cika wurin. Daga ciki Samira ta fashe da kuka. Yazidu ya juya ya dubi motar. Ya yi tunanin tukunyar gas da ke ƙarƙashin murhu, ya yi tunanin ƙofar motar guda ɗaya da ke cijewa in ba a ɗaga ta ba. Tsoro irin wannan bai taɓa shigarsa ba, ko a daren da birki ya tsinke masa a gangaren Kandi, kan hanyar Kwatano.

"Baƙo babu sallama mugu ne," in ji maigari. "Na tambaye ka sau biyu. In akwai wanda ya san ka a garin nan, faɗi sunansa. In babu, ni tsoho ne, ba ni iya riƙe yaran nan."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma kunya ta hana shi kiran sunan Siddo, sai da Bibata ta ɗaga murya daga cikin mota, da yaren gulbi, ta faɗi nata sunan da na uwarta da na Siddo. Mutane suka dubi juna. Wani ya ce ƙarya ce, da 'yar Siddo ce ai da a gidan Siddo za a gan ta. Maigari ya tura mutum a guje. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, na ciki ma su zauna ciki.

Jiran nan ya fi komai tsawo. Yunus ya fito da ashana yana juya kwalin a tafin hannu, ƙarar tsinkayen kaɗai ake ji, sai kukan Samira da ya koma shessheƙa. Yazidu ya kasa ko addu'a da baki. Abin da yake gani kawai shi ne ƙofar zanar nan ta gidan Siddo da ya wuce da gudu, yana tambayar kansa ko tsohon yana zaune a gindin bishiyar bedi lokacin, ko ya gane mai tuƙi.

Siddo ya iso a hankali, komarsa ta kamun kifi a kafaɗa, wandonsa naɗe zuwa gwiwa. Mutane suka dare masa. Ya dubi motar, ya dubi man da ke ɗiga, sannan ya dubi Yazidu, ya daɗe yana dubansa. A nan Yazidu ya tabbata an gan shi da safe.

"Siddo," in ji maigari, "kai ba a taɓa kama bakinka da biyu ba. Wannan mutum baƙonka ne, ko kuwa?"

Tsohon ya sauke koma ƙasa. Ya share fuska da tafin hannu.

"Baƙona ne. Mijin ɗiyata ne. Da hantsi ya tsaya ƙofata ya gaishe ni, ni na ce ya zo nan yara su ga ruwa. Ni na manta ban aiko maka ba."

"Ka manta?" Maigari ya buga sanda a ƙasa. "A wannan zamani? Kai da ka wanke gawar wan Yunus da hannunka? Da an ƙone ɗiyarka da jikokinka, wa za ka kai ƙara? Girma ya zo, hankali ya tafi, Siddo!"

Ya yi ta faɗa, a gaban yaran da Siddo ya koya wa jefa koma, tsohon na tsaye kansa a sunkuye yana cewa a yi haƙuri, laifinsa ne. Wani saurayi ya yi tsaki ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Yunus ya mai da ashana aljihu, ya ɗauki jarkarsa ya juya ba tare da ya dubi kowa ba. Maigari ya sa aka watsa wa motar ruwa da yashi, aka kawo itace aka tura ta ta fita daga laka. Sannan suka watse cikin gero kamar yadda suka zo.

Bibata ta fito da Samira a kafaɗa, Latifa na riƙe da zanenta. Ta durƙusa gaban kawunta tana kuka, ya dafa kanta. Yazidu ya cire hula, ya zube a laka, ya miƙa hannu biyu.

"Baba, ban san da wane baki..."

Siddo bai karɓi hannun ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, don kada gero ya ji.

"Tun muna yara nake tare da maigari, ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Da ka tsaya, ruwan randa kawai zan ba ka, kai ma gaisuwa kawai za ka ba ni." Ya sunkuya ya ɗauki komarsa. "Tashi ka ja motarka. Kuma kada ka tsaya ƙofata da ban haƙuri, mutane su gane. Na riga na ce musu ka gaishe ni."

Ya juya ya kama hanyar gari. Bibata ta goya Samira, ta ɗaure zane tamau, ta kama hannun Latifa.

"Bibata," Yazidu ya kira, muryarsa a dishe. "Ku shigo mu tafi."

Ba ta waiwayo ba. Latifa ce kaɗai ta juyo sau ɗaya ta dubi ubanta, uwar ta ja hannunta, suka bi bayan tsohon.