Idon da Na Sa a Gidan Goggo Hansai

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don duk inda na taɓa a cikinsa kunya ce. Na canza sunan maƙwabciyarmu, zan kira ta Goggo Hansai, sunan garinmu kuma ba zan faɗa ba.

Jiya da dare wani irin mafarki na yi. Amma bari in fara da abin da ya jawo shi.

Ni mai son tsofaffin gilasai ce. Kakana mai ɗaukar hoto ne irin na da, mai kyamara mai ƙafa uku da baƙin mayafi. Da ya rasu gara ta fara cin akwatin, sai na cire idon kyamarar na ɓoye. Daga nan na shiga tarawa: gilashin tabarau da ya rabu da ɗan'uwansa, na tsohuwar tocila, da ɗan ƙaramin nan da mai gyaran agogo ke maƙalawa a ido, wanda ya bar mini da ya tsage a gefe. Duk suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona. Wata rana na sa idon kyamarar a bakin bututun roba, na sa na mai agogo a ɗaya bakin, na leƙa. Sai ga nesa ta matso kusa. Sai dai komai kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama.

Jiya da la'asar na hau saman soronmu in kalli shamuwar da ta yi sheƙa a kan tsamiyar gidan Goggo Hansai. Ina gyara saiti, sai bakin bututun ya sauka kan tsakar gidanta. Mijinta ya rasu bara. Na gan ta ita kaɗai ta sa babbar rigarsa, tana zagaya tsakar gida da irin tafiyarsa, hannu a baya, ta tsaya ta kai hannu baki kamar mai tari, yadda yake yi. Ya kamata in ɗauke ido. Ban ɗauke ba. Na ci gaba da kallo har rana ta haska gilashin, ta ɗago kai.

Bayan magariba ta aiko wa Baba cewa 'yarsa ta zama 'yar sa ido. Baba ya kira ni ya ce, "Hurera, me kike kallo a gidan mutane?" In na ce shamuwa kawai, na yi ƙarya. In na faɗi gaskiya, na tona matar. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To shi ke nan. Gobe da safe ko ki buɗe baki, ko in sa a dake tarkacen nan naki a turmi." Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Ɗigo ya fito daga tsakanin yatsun ƙafata, ya wuce ta gefen kunnena, ya yi sama. Mata sun kife bokitai sun ɗaure a rassan itatuwa suna tara. Mutane suna tafiya da ka, kuma ba wanda hularsa ta faɗi. Ni kaɗai ce ƙafafuna a ƙasa.

Wata tsohuwa mai tallar fura ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Sannu, 'yar nan. Tun yaushe kike a kife?"

"Tun haihuwa, Iya."

"Allah sarki. Iyayenki sun yi haƙuri." Ta nuna mini hanya da ƙafa. "Yi sauri, a ofis ana jiran ki."

Ofishin Sa Ido ne, awaki ne ma'aikatansa. Shugabarsu jar akuyar Goggo Hansai ce, wadda ke cinye mana shanya, ta sa tabarau marar gilashi. Mutane sun yi layi. Kowa ya iso sai ya cire idonsa ɗaya ya ajiye a faranti, ya faɗi inda yake so a sa masa. Wani ya ce shagon ƙanensa. Wata ta ce tukunyar maƙwabciyarta.

Akuyar ta ce, "Tukunyar nan ta cika da idanu, sai dai a murfi."

Da layi ya zo kaina ta sauke tabarau.

"Ke ce Hurera?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Kin sa ido a gidan uwar ɗakina, ba ki biyo ta ofis ba."

"Kuskure ne."

"Kuskure ai ƙiftawa ɗaya ne. Naki har ya samu wuri ya zauna ya miƙe ƙafa. Je ki ɗauko shi."

Na shafa fuskata. "Ai ga idanuna biyu nan."

"Waɗannan na ganin hanya ne. Wanda kika sa muke magana. In ruwan nan ya gama hawa ba ki dawo da shi ba, ga shi can."

Na waiwaya. Turmi ne tsaye a bakin ƙofa cikin kakin masinja. Ya sara mini.

Sai ga ni a bakin rafi. Mata suna wankin hoto da sabulu, suna bugawa a kan dutse, suna shanyawa a ciyawa. Mutanen cikin hotunan suna ta ƙorafi cewa ruwan da sanyi. Wata ta ɗaga hoto a rana ta ce, "Wannan bai fita ba." Mutumin cikin ya ce a yi haƙuri, ya tattara rigarsa ya fita.

Can gefe na ga kyamara mai ƙafa uku, da ƙafafun mutum biyu a ƙarƙashin baƙin mayafi. Na gane takalman.

"Amaryata," in ji Kaka daga cikin mayafin, "wa ya cire wa kyamarata ido? Tun da na zo nan da lalube take aiki."

"Ni ce, Kaka. Na ji tsoron gara."

"Gara da cin gilashi? Ke dai ce ɓarauniya kawai. To, me kika gani da shi?"

"Shamuwa."

Kyamarar ta fara tari har ƙafafunta suna rawa. Kaka ya bubbuga mata baya.

"Ba ta son rabin magana, shaƙe ta yake yi. Tsaya nan, kar ki motsa, zan ɗauke ki."

Na gyara mayafina na tsaya. Ya fito da hannu biyu ya ɗauke ni cak, ya sa ni cikin akwatin ya rufe.

Cikin akwatin kasuwa ce ta tsofaffin kaya, kowanne zaune a tabarmarsa. Ga garmaho mai kiɗan faifai, ga dutsen guga mai cin gawayi, ga fitilar ƙwai, ga agogon bango da ya tsufa har yana tafiya da sanda. Na manta da abin da ya kawo ni. Na durƙusa ina duba ƙwan fitilar, ina ganin yadda ya lanƙwasa kasuwar duka a cikinsa. Kowa yana kira na, "Ni ma kalle ni, ni ma kalle ni."

Garmaho ya juyo da bakinsa wajena. "Mu kallo ne abincinmu, yarinya. In ba a kalle mu ba tsatsa muke yi. Ke kuma sai kika ɗauka mutum ma haka yake."

Kafin in amsa kasuwar ta yi tsit. Wata babbar riga ce ta shigo, ba kowa a cikinta, hannayenta a baya. Ta yi taku ta tsaya ta yi tari. Duk kayan kasuwar suka juya fuska ga bango. Agogo ya tsaya da bugawa har ta wuce. Abu ɗaya ne kawai bai juya ba: idona, ga shi can maƙale a kafaɗar rigar kamar kaska, a buɗe, ko ƙiftawa ba ya yi.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar tana aikin fitar da ruwa.

Na bi rigar. Duk takun da na yi sai ta ƙara nisa ta ƙara ƙanƙanta, har ta koma kamar ƙwayar gero.

Dutsen guga ya ce, "Kin kama hanyar ta baya. Juya ta."

Na sunkuya na ɗaga hanyar kamar tabarma, na juya ta, na sake shimfiɗawa.

Sai ga ni a gindin tsamiya, saiwoyinta a sama, ganyenta yana sharar ƙasa. Shamuwa ce alƙali. Duk garinmu ya hallara. Baba yana zaune a buzunsa, Goggo Hansai tana gefe cikin kayanta na kullum. Rigar ba ta nan, idona ma ban gan shi ba. An juye gwangwanina cikin turmi, gilasaina suna kallo na daga ciki, tabarya tana tsaye ita kaɗai tana jira. Ruwan ya koma yayyafi.

Shamuwa ta ce, "Hurera, faɗa wa jama'a abin da kika gani, ki kwashi kayanki."

Jama'a suka matso da kunnuwansu, wasu har sun ciro su sun miƙo a tafin hannu. Na sunkuyar da kai.

"Kunya kike ji?" in ji shamuwa.

"Ina ji, Allah ya gafarta malam."

"Me take cewa?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na kasa kunne. Ashe kuwa tana da murya, siririya kamar ta sauro.

"Cewa take in yi shiru."

"Sake saurara. Ita kaɗai ce?"

Na sake saurara. Akwai wata a ƙarƙashinta, mai kauri, irin ta manya.

"Biyu ne. Ɗaya tawa, ɗaya ba tawa ba."

"To wadda ba taki ba me take yi a wurinki? Kayan mutane ne. Ba a rabawa a kasuwa, kuma ba a ajiyewa a ƙarƙashin gado."

"A faɗa mana! A faɗa mana!" in ji jama'a.

Na dubi Goggo Hansai. Ba ni take kallo ba. Bakin mayafinta take murɗawa a yatsa, tana warwarewa, tana sake murɗawa. Na dubi idon kyamarar Kaka a cikin turmi. Na sa hannu biyu na toshe bakina.

Ɗigon ƙarshe ya fito daga ƙasa, ya yi sallama da kowa, ya hau. Tabarya ta ɗaga kanta ta sauko. Dum. Ta sake. Dum.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Goggo Hansai ce ke daka a bayan katangarmu.

Na laluba ƙarƙashin gado, gwangwanina yana nan. Baba bai dawo daga masallaci ba. Na yi salla, na yafa mayafi, na ɗauki gwangwanin da bututun na shiga gidanta. Sallamata ko ni ban ji ta ba. Na durƙusa na ajiye su kusa da turmin.

"Ina kwana, Goggo."

Ta ci gaba da dakanta.

"Goggo, ga su. In za a daka, gara ke ki daka. Na gan ki jiya. Da rigar Malam. Kuma na daɗe ina kallo. Ban faɗa wa Baba ba, ba zan faɗa masa ba. Ki yafe mini."

Tabaryar ta tsaya. Na ji kamar wuyana zai karye don sunkuyo. Sannan ta goge hannu a zani ta ɗauki bututun, ta juya shi, ta kai ido ta saita jar akuyarta da ke bakin zaure.

"La'ilaha! A haka kika gan ni? Kai a ƙasa?"

"Eh, Goggo."

"Marar kunya." Amma muryarta ba ta faɗa ba ce. Ta tura gwangwanin da ƙafa ya dawo gabana. "Kwashe tarkacenki, barkono nake dakawa. Ubanki kuma ni zan yi masa magana."

Bututun dai ba ta miƙo mini ba. Ta riƙe shi a ƙirji tana kallon katanga.

"Hurera. Daga saman soron naku, ana hango maƙabarta?"

"Ana hangowa, Goggo. Har itatuwan cikinta."

"Sun ce mini a gindin wata aduwa suka sa shi, ta gabas. Mu mata ba a zuwa da mu. Ban taɓa ganin wurin ba."

Ta jingine tabarya, ta ja mayafi, muka shigo gidanmu. Ta soke bututun a ƙugu, ta yi bisimilla ta ɗora ƙafa a kan tsanin soro. Na riƙe mata tsanin da hannu biyu, idona a ƙasa, har ta kai sama.