Mil Ɗaya Gabas da Makaranta

A ɗakin ajiyar busassun tsirrai na wata ƙaramar kwaleji a jihar Iowa akwai takardar da Orval Tesch ya sani fiye da tafin hannunsa. Furen fuloks na daji ne manne a jikinta, launinsa ya koɗe. A ƙasa ga rubutun marigayiya matarsa Lavonne, tun kafin ya san ta: "Mil ɗaya gabas da makarantar ƙauye, Mayu 1967."

Sabuwar mai kula da ɗakin, Dakta Brandvold, mace ce mai ladabi, irin ladabin da ke yanka ba a ga jini ba.

Ta ce, "Baba, ba wanda ya sake ganin furen nan a gundumarmu. Na je wurin da ƙafata, masara ce iya ganin ido, kuma an ce tun kaka da kakanni gona ce. Ƙarshen wata zan buga wa takardar hatimin kuskure."

Orval ya ce, "Shekara arba'in muna tare, kuskurenta ɗaya na sani, ga shi kuwa tsaye gabanki."

Kwana uku yana tayar da mota daga bakin tsohuwar makarantar, wadda yanzu ta zama rumbun wani manomi, ya auna mil ɗaya ya tsaya. Masara dai.

Rana ta huɗu ya ratse maƙabartar ƙauyen don ya huta. Ya tarar da Merle Dahlke, mai share wurin, bisa injin yankan ciyawa. Ranar tunawa da mamata ta gabato, kuma mutanen garin ba su yarda su kawo furanninsu na roba ba sai an aske furanni masu rai ƙwal.

Merle ya kashe injin. "A'a, shehin malami! Wurin kwanciya ka zo dubawa? Akwai fili kusa da surukarka."

"Gara a jefa ni kogi."

Ya ba shi labarin takardar. Merle ya yi dariya har da tari.

"Karatu dai bai hana wauta ba. Daga ina kake aunawa?"

"Daga makaranta mana."

"To ai ba nan take ba a lokacin. A saba'in da ɗaya aka ɗora ta kan tirela aka kai ta can. Ni na riƙe tuta a gaban motar. Asalin gurbinta na yamma da mu, mil guda."

Orval ya dubi yamma, sannan ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin takalminsa.

A kusurwar baya, inda duwatsun kabari suka karkace har injin bai iya shiga, akwai ƙasar da garma ba ta taɓa ba. Nan furannin fuloks suke tsaye cikin ciyawa, ja-ja mai haske, kowane fure da kunne biyar.

Dakta ba ta karɓar labari, sai reshe a kan takarda. Orval ya ciro wuƙarsa, ya tsaya. Ƙa'idar masu tara tsirrai, wadda Lavonne ta riƙe kamar addini, ita ce ba a cire ɗaya sai sun kai ashirin. Ya durƙusa ya ƙirga. Goma sha uku. Ya sake ƙirgawa, ko wasu sun tsiro don tausayinsa. Goma sha uku. Ya mayar da wuƙar aljihu.

"Wai wannan ciyawar ce ta hana ka barci?"

Ya waiwaya. Merle na miƙo masa reshe guda da ya tsinke tun ɗazu, yana juya shi kamar tsinken sakace.

Orval ya daɗe yana kallon reshen.

"Kai jahili ne, Merle."

"Haka matata ke faɗi."

"Miƙo shi a hankali. Kuma in injinka ya kusanci kusurwar nan, kai za a kwantar kusa da surukata."

Ya shimfiɗa reshen tsakanin shafukan jarida, ya zauna a kan wani dutse ya fara rubuta wurin. Wannan karon da maƙabarta ya yi kwatance, tun da ita ba a ɗora ta kan tirela.