Guduma a Bakin Tafki

Guduma magini ne. Leburori suka laƙa masa sunan, don maganarsa in ta sauka a kan mutum sai ta bar shaida. Tun yana saurayi bai taɓa bari a zuba kankaren bene ba ya tsaye a wurin ba. Sai ga shi ranar da za a zuba mafi girma a aikin da ke hannunsa, yana zaune kan kujerar yadi a bakin wani tafki tsakanin duwatsu, da hular sanyi har kunne.

Ƙullin matarsa ne da autarsu. Likita ya ce bayansa na son hutu, su kuwa sun san muddin yana cikin gari sai ya je. Suka loda tanti da barguna da tukwane a motar mijin auta, suka ce iska za a sha. Ginin aka bar wa babban ɗansa, wanda ya tashi a gindinsa yana miƙa masa bulo, amma bai taɓa jan ragamar aiki shi kaɗai ba.

Wurin dai ba laifi, ko Guduma bai musa ba. Ruwan garau, ana hango tsakuwa a ƙasansa. Auta da mijinta sun shiga kwalekwale suna ta zagaye wuri ɗaya don ba wanda ya iya tuƙi. Shi kuwa tun safe ya tuge turakun tantin ya sake kafa su, wai a karkace suke. Ya jera duwatsun murhu kamar harsashin gida. Da aiki ya ƙare masa, sai ya ciro waya.

"Ba sabis," in ji matar, tana hura wuta ba ta ko ɗago ba.

"Kin sani kenan."

"Da ban sani ba zan zaɓi nan?"

"Uwar yara, kankare ba ya jiran kowa. In yaron nan ya bari aka cika ruwa, ko aka tsaya a tsakiya ya sha iska, benen ya tashi aiki. Sunana ne a kai."

"Yaron da ke da 'ya'ya uku?"

"Ko jika gare shi."

Mai gadin wurin, wani dogo mai son zance, ya zo wucewa da itace ya ji su. Ya nuna wani tsauni da haɓa, ya ce a can kan ƙololuwa waya takan kama, in an ɗaga hannu sama. Matar ta yi masa kallon da ya sa ya ƙara sauri.

Guduma ya miƙe. Ita ma ta sauke tukunya ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"In bayanka ya riƙe a can, wa zai gangaro da kai? Duwatsun?"

Suka kama 'yar siririyar hanya. Yana gaba yana huci, yana buga kowane dutse da sanda yana cewa an bar kayan gini suna asara a daji. Tana baya tana tsinkar furanni tana cewa tun da aka ɗaura musu aure yau ne ya fara kai ta yawo, shi ma albarkacin siminti. Ya ce ai ya kai ta ganin gada. Ta ce gadar da ya gina, ya tsayar da ita cikin rana yana nuna mata ginshiƙai.

Da suka kai sama, tafkin ya koma kamar faranti a ƙasa, tantinsu ɗan mitsitsi. Guduma bai kalla ba. Ya ɗaga wayar sama yana juyi kamar mai korar ƙuda har ta kama. Ya kira ɗan.

Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira. Shiru.

"Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa?" Jijiyar wuyansa ta tashi. "Ubansa na kira, ya ƙi ɗauka. Ƙila ma wani abu ya..."

Sai ya tsaya. Ya dubi rana, ya ga inda ta kai. Yanzu a can wurin ginin injin kwaɓa na ruri, baro na bin baro a kan katako, ba mai jin ko sunansa. Wanda ke tsaye a kan rodi yana duba kowane zubi, hannunsa duk siminti, wayarsa na can cikin aljihun rigar da ya rataye. Mai ɗaukar waya a irin wannan lokaci, ko aiki ya tsaya, ko shi yana inuwa ya bar leburori da ikon Allah. Shi kansa ya kori mutane a kan haka.

Ya kira na uku, a hankali, yana addu'a a ransa kada a ɗauka. Ba a ɗauka ba.

"Lafiya kake murmushi?" in ji matar.

"Aiki yake."

"Ka ce ƙin ɗauka ya yi."

"To da so kike ya ɗauka?"

Ta girgiza kai, ta ce halin magina sai su. Ya zura wayar a aljihu, ya sami wani faffaɗan dutse da rana ta ɗumama, ya kwanta a kai da bayansa. Ɗumin ya ratsa shi har ya lumshe ido.

"Tashi mu sauka, na bar tukunya."

"Bari yaran su dafa," in ji Guduma, ya matsa mata gefe. "Ai sun girma."