Akushin da Aka Goge wa Alli

A shagon nan aiki kashi biyu ne. Maigidan yana ɗakin gaba da injin da ke juya itace, yana fitar da akushi daga gungume. Matarsa kuma tana ɗakin baya da gam da garin katako da samfefa, tana jinyar duk akushin da ya tsage wajen bushewa. Shi ya sa yake kiranta Likita, har sunan ya bi ta, maƙwabta ma da shi suke kiranta.

Hannunta kuwa ba na wasa ba ne. Sai ta tankaɗe garin itacen da aka sassaƙa akushin da shi, ta kwaɓa da gam, ta dinga cusa shi cikin tsagar da bakin wuƙa har ya ƙoshi. In ya bushe ta goge, ta sake cikawa, ta sake gogewa, sannan ta shafa mai. Akushin da ya bi ta hannunta zai yi shekaru ana cin abinci a cikinsa lafiya lau. Abu ɗaya ne kawai ba zai iya ba: komawa kan inji. Gudun injin yakan buɗe tsagar da aka rufe, itacen ya tashi gutsi-gutsi, kuma fuskar mai sassaƙa ce mafi kusa. Dukansu sun san wani masassaƙi da ke yawo da ido ɗaya saboda haka. Don haka duk wanda ta cike sai ta yi masa alama da alli a gindi, shi kuma maigidan ba ya ɗora komai a inji sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kara a kunne. Lafiyayyen akushi yana amsawa tas, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take.

Matsalar maigidan ita ce cika baki. Kullum sai ya tsokane ta, wai allin nan nata ɓarnar alli ce kawai, ko idonsa a rufe kunnensa zai gaya masa inda ta yi ɗinki. Ita kuwa abin yana ci mata rai, ko da yake tana dariya. To ranar nan ta gama wani babban akushi wanda tsagarsa ta taso daga baki har kusa da gindi, ya fito sumul, ita kanta sai ta karkata shi ga haske kafin ta gane wurin. Sai shaiɗan ya raya mata wasa. Ta sa tsumma ta goge allin, ta ajiye shi a kan kantar shagon cikin manyan akusa masu lafiya. Nufinta da yamma ta ce ya fitar mata da shi in ya isa, ta samu abin yi masa dariya har ƙarshen shekara.

Bayan haka ta yafa mayafi ta tafi kemis sayo maganin ciwon gwiwa. Ta yi masa sallama daga bakin ƙofa, bai juyo ba, ta ce a ranta mutumin nan in yana wasa ƙarfe ko gobara ake ba zai sani ba.

Mai kemis ɗin mace ce mai son hira. Tana naɗe maganin take tambaya ko kunnen maigidan ya yi sauƙi. Likita ta ce wane kunne? Matar ta kama baki, ta ce ai ta ɗauka ta sani. Ya daɗe yana zuwa sayen maganin ɗigawa, ta sha gaya masa wannan ba na ɗigawa ba ne, ƙarar inji ce ta cinye kunnen, ya je asibiti. In tana masa magana bakinta yake kallo, in ta juya baya kuwa shi ke nan, da bango take yi.

"Ya ce kar in gaya miki," in ji mai kemis. "Wai za ki hana shi aiki."

Likita ta tsaya da leda a hannu. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: rediyon da yake ƙure wa murya har ta yi faɗa, sallamar baƙi da ba ya amsawa, yadda take tambayarsa abu ya ba ta amsar wani abin daban ta ce rainin hankali ne. Ashe ƙwanƙwasa akushin da yake yi ya zama al'adar hannu kawai, allinta ne yake tsare shi duk wannan lokacin. Sannan ta tuna abin da ya faɗa da safe yana shan shayi, cewa bakin manyan akusan nan ya karkace wajen bushewa, yau zai mayar da su kan inji ya daidaita su.

Ta ciro waya ta kira shi, ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, tana tafiya tana kira, duk da ta san wayar tana aljihun rigar da ya rataye, kuma ko a kunnensa take ba lallai ya ji ba. Gwiwar da ta fito nema wa magani ta manta da ita. Mace mai jikoki ta kama gudu a titi, mayafi yana jan ƙasa, takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. Wani mai babur ya taka burki yana zaginta, tela ya leƙo daga shagonsa yana tambaya ko lafiya, ba wanda ta kalla. Addu'a take so ta yi amma bakinta ba abin da yake maimaitawa sai kar ya zama shi ya ɗauka, kar ya zama shi.

Tun daga bakin layi ta jiyo kukan injin. Da farko ta ji sanyi a ranta, tunda inji yana kuka to mai shi yana tsaye. Sai kuma ta gane cewa hakan na nufin akwai abin da ke juyawa a kai.

Ta tsaya a ƙofa tana haki, idonta ya tafi kan kantar. Gurbin da ta ajiye akushin babu komai.

Yana can ya ba ta baya, ya sunkuya, ƙarfen sassaƙa a hannunsa, siririn ɓawon itace yana tashi yana sauka a kafaɗarsa. Gilashin kare fuska yana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi, don ya ce yana sa shi gumi. Akushin yana gudu har ba a ganin bakinsa sosai. Kuma a ƙarƙashin kukan injin ta ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, duk lokacin da tsagar ta wuce ta bakin ƙarfen. Ko yaro ya ji wannan ya san a kashe inji. Shi ko gezau.

"Malam! Kashe!"

Ta ƙwala har maƙogwaronta ya yi zafi, bai motsa ba. Ta ɗaga hannu za ta taɓa shi, ta janye. Ba a taɓa mai sassaƙa ta baya. In ya firgita ƙarfen ya kafe a itacen, abin da take gudu shi zai faru nan take. Makunnin injin yana gabansa, jikinsa ya tare. Saura babban makunnin shagon, shi kuma yana bangon can, kuma ba hanyar zuwa sai ta gefen akushin, daidai inda gutsattsarin zai bi in ya tashi. Tun tana amarya ya hana ta bi ta wurin in inji yana aiki, ba ta kuwa taɓa bi ba.

Sautin nan ya ƙara ƙarfi. Ta kare fuskarta da ledar maganin, abin da ko ƙuda ba zai tare ba, ta runtse ido ta bi ta gefen. Iskar akushin ta taɓa mata kunci. Ta lalubi makunnin ta ja shi ƙasa da hannu biyu.

Injin ya yi ta rage gudu kamar ba zai tsaya ba, daga baya ya tsaya. Maigidan ya ɗago yana tsaki, ya ɗauka wuta aka ɗauke. Da ya gan ta jikin bango, ƙafa ɗaya ba takalmi, sai ransa ya ɓaci, ya hau faɗa: ta ina ta bi, so take ta kashe kanta?

Ta zo ta kwance akushin da kanta, ta ƙwanƙwasa shi daidai kunnensa. Ya yi wani amo a dishe kamar an buga jiƙaƙƙen kwali. Ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Me ka ji?"

Ya kalli gindin akushin, ba alli. Ya kalle ta.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

Sai ta kama bakin akushin da hannu biyu ta ɗan ja, ba da wani ƙarfi ba. Ya rabe biyu, busasshen gam yana zuba a ƙasa tsakaninsu.

Ta gaya masa ita ta goge allin, da dalilin da ya sa, da abin da mai kemis ta faɗa. Tana magana tana kuka, tana jin haushinsa da haushin kanta. Shi dai bakinta yake kallo, kuma yau ne karo na farko da ta lura da irin wahalar da yake sha kafin ya kama kowace kalma. Bai musa ba, bai kuma yi faɗan allin ba. Ya zauna a kan gungume da ɓari ɗaya a cinyarsa, yana shafa wurin tsagar da babban yatsa. Can ya ce, a hankali, ɗinkin ya yi kyau, bai gani ba.

Daga baya ya tashi ya ciro gilashin daga ƙusa, ya goge ƙurar da gefen rigarsa. Ya je wurin kantar ya ɗauko akushi na gaba, ya ɗaga shi zuwa kunnensa yadda ya saba shekara da shekaru, sai hannun ya tsaya a hanya. Ya juyo, ya miƙa shi saitin kunnenta, ya ƙwanƙwasa, ya zuba wa bakinta ido yana jira.